Ranar da Na Ari Kawu a Wuro Hausa

Ba zan taɓa mantawa ba, ni da bakina na yi wa kaina kawu a Yola Gari, kuma kawun ya karɓe ni hannu biyu. Da ƙina ya yi ma da abin ya zo da sauƙi.

Lokacin ana tsakiyar rikicin nan ne, an hana acaɓa, ko'ina shingen sojoji, kowa kallon jakar kowa yake yi. Ni kuwa ina nan unguwarmu Gwadabawa ina zaga gari. Makaranta tun ƙaramar sakandare na bar ta (na ce ta ishe ni, ita ma ba ta aiko nemana ba). Na taɓa cajin waya, na taɓa wankin mota, babu wanda na ga ƙarshensa. Sana'ar da na riƙe da gaske ita ce surutu.

Akwai maƙwabciyarmu Rifkatu, 'yar wajen Numan, tana karatun zanen gine-gine a jami'a. Ni ina sonta, ita kuma tana gaishe ni, iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan. Wata rana na same ta a ƙofar gida ta yi tagumi. Ta ce malaminsu, wanda ya yi karatu a Ireland, ya ishe su da labarin wani ƙauye a can, wai ko katangar garken tumaki sai an auna ta an rubuta wanda ya gina. Ya ce kowa ya nemo tsohon gini guda ya yi masa haka, wanda bai kawo ba ya manta da kammalawa bana. Ta hango wani tsohon zauren ƙasa a unguwar Wuro Hausa da ke Yola Gari, amma ba ta san kowa a can ba, ga kuma halin da ake ciki.

Mai hankali cewa zai yi Allah ya kawo mafita. Ni cewa na yi, "Wannan zauren? Ai gidan kawuna ne."

(Ban taɓa ganin zauren ba. Yola Garin ma sai in an aike ni kasuwa.)

Ranar tafiya na zuba farar shaddata ta Sallah, na fesa turare, muka hau keke. Ta nuna gidan, na gyaɗa kai kamar a nan aka yanke mini cibiya. Ko yaro ya san yadda ake shiga irin gidajen nan. Ka fara zuwa wajen Jauro, mai unguwa ke nan, ya haɗa ka da wani, ka yi sallama, ka cire takalmi, a yi ta gaisuwa har ka manta abin da ya kawo ka. Rifkatu ta ce ko mu fara da hakan, na ce mata ɗan gida ba ya neman izinin taɓa bangon gidansu.

Na riƙe mata bakin tef, tana awo tana ɗaukar hoto, ni ina zuba tarihi. Ramukan da ke saman bango? Ta nan kakanninmu suka yi wa Turawa ruwan kibau. Shekarun ginin? Ya girmi fada. Baiwar Allah tana ta rubutawa.

Ban ankara ba sai na ji hannu a wuyan rigata. 'Yan sintirin unguwa ne, kowa da gorarsa. A wancan lokacin, baƙi biyu suna auna bango suna ɗaukar hoto, ga masallaci a gefe, ba sai an yi maka bayani ba. Suka karɓe wayarta, ɗaya ya ce a goge komai a miƙa mu wajen sojoji. Rifkatu ta ce musu su yi haƙuri, ai gidan kawunsa ne.

Sai aka shiga aka fito da mai gidan. Wani tsoho ne siriri, Bappa suke ce masa. Ya dube ni daga hula har takalmi. Na durƙusa na ce "jam", duk Fulatancin da na mallaka ke nan, ina jira ya ce bai taɓa ganina ba. Ashe mutanen nan ba sa ƙaryata baƙo a gaban jama'a. Suna da tasu hanyar, kuma ta fi mari zafi.

"Tunda ya ce ni kawunsa ne, ai ɗana ne," in ji shi a hankali. "Ku sake su. Ya ma zo a kan gaɓa, yau muke yaɓe."

Yaɓen zaure kafin damina aikin 'ya'yan gida ne, baƙo ba ya sa hannu. A bayan gida an tara jar ƙasa da ciyawa da kashin shanu, an jiƙa sun ruɓa, warin kaɗai ya isa ya tsinka alwala. Aka ce ɗan gida ya shiga ya kwaɓa da ƙafa. Ina naɗe wando wani jikan Bappa ya kira ni Hamma, wato yaya, ya ce, "Kai da ka san al'adar gidanku, ya ka zo da shadda?"

Ita kuwa Rifkatu an mayar mata da wayarta, an shimfiɗa mata tabarma a inuwa, an kawo mata kunun gyaɗa, Bappa yana ba ta tarihin gaske: wanda ya kafa gidan, inda ake ɗebo ƙasa, yadda ake jera azara. Ina cikin laka har gwiwa na ji ta tambaye shi ramukan kibau.

"Ni dai na tattabaru na sani," in ji Bappa. "Amma ɗana ya fi ni karatu. Wataƙila tattabarun ne suka yi harbin."

Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, kuma wannan ne ya fi ƙona ni. Kowa ya sunkuyar da kai kawai, kafaɗu na rawa.

Rifkatu ta kammala karatunta lafiya. A cikin aikin har da hotona, baki buɗe, laka har gira, an rubuta a ƙasa wai ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan yana kwaɓa ƙasa. Maganar so kuwa ban sake samun fuskar tayar da ita ba.

Bappa ne dai bai sake ni ba. Har yau, da hadari ya fara haɗuwa, sai ka ga aike har Gwadabawa wai kawunka na gaishe ka, ƙasa ta jiƙu. Kuma ina zuwa, don wanda ya cece ka daga hannun sojoji ba ka ce masa kana da uzuri. Shawarata dai, in za ka ari dangi, fara leƙa bayan gidansu ka ga ko sun jiƙa ƙasa.