Sallamar da Hedifon Ya Cinye

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da kunnen da nake taƙama da shi ya kusa raba ni da aure.

Ina aiki ne a wani ɗan situdiyo a Gusau, inda muke ɗaukar tallace-tallacen rediyo da waƙoƙin biki. Ba yabon kai ba (to, yabon kan ne), duk layinmu babu mai kunnena. Ko bugu ɗaya makaɗi ya kuskure, sai na tsamo shi. Shi ya sa da maigidana na wurin aiki ya kawo hedifon biyu masu tsadar gaske, ɗaya baƙi ɗaya mai ruwan toka, irin masu rufe kunne ruf, ni ya ce in gwada in zaɓi wanda za mu riƙe.

Na cire hula, na ba ƙofa baya, na kunna wani kiɗan kalangu da muka ɗauka a Tsafe. Baƙin na fara sawa. Ƙarfi kam akwai, har a ƙirji kake jin ganga, amma yana matse kai, kuma kafin minti goma kunnuwana sun jiƙe da gumi. Mai ruwan tokar kuwa ba nauyi, ga laushi kamar auduga. Bai kai baƙin rugugi ba, sai dai komai a sarari yake, har numfashin mawaƙi kana ji. Yana kuma da wani maɓalli da in ka danna duniya ta yi tsit, ko janaretan maƙwabta ba ka ji. Na danna, na lumshe ido.

A lokacin ina neman auren Hadiza, wata malamar makaranta 'yar Bungudu. Magana ta kai gaban baffanta Alhaji Sani, wanda shi ne waliyyinta, kuma an gaya mini bai yarda da "masu harkar kiɗa" ba. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, shi ba ya tura kowa bincike. Da ƙafarsa yake zuwa ya ga mutum a wurin aikinsa.

Daga baya na ji cewa sallama uku ya yi daga bakin ƙofa, shi da wani amininsa. Ni kuwa ina can ina kaɗa kai, ina girgiza kafaɗa, ina bin waƙa da muryata (wadda ko ni ba zan yarda a ɗauka ba). Sai na ji an dafa ni. Na zaci abokin aikina ne. Ko waiwaye ban yi ba, na ɗaga hannu na ce, "Malam, dakata, masu kunne na aiki." Wanda ya toshe kunne bai san ƙarfin muryarsa ba. An ce har mai shayin da ke waje ya ji.

Da na juyo na ga farin gemu da babbar riga, na gane Alhaji Sani ne, nan take na durƙusa. Na shiga gaisuwa da ihu, domin hedifon na nan a kaina: "Ina wuni Baba! Ya hanya!" Bakinsa na motsi, ba na jin komai, ni dai ina ta "lafiya lau, madalla". Sai da ya sa hannu ya cire mini shi da kansa. Kunya ta rufe ni, a raina na ce shi ke nan, Hadiza ta tafi.

"Mi aka ji cikin abin ga," ya ce, "da har mutum ba ya amsa sallama?"

Na yi masa bayani. Ya zauna ya ce in miƙo. Da yake dattijo ba ya tuɓe hula a gaban mutane, ta ƙarƙashin haɓa ya riƙe shi. Ya saurari baƙin, ya yatsine fuska. Ya saurari mai ruwan toka, ya ɗago ya dube ni.

"Wanne ka zaɓa?"

"Mai ruwan toka, Baba. A cikinsa na ji fatar kalangu na biyu ta saki."

Ya sake kara shi a kunne, ya yi kasaƙe. "Ta saki hwa," ya ce. Sai ya dubi amininsa. "Yaron ga ya san aikinai. Natsuwa ɗai ta rage, ita kau Hadiza na koya mai."

An ɗaura aure bayan Babbar Sallah. Har gobe ina alfahari da ranar nan, don ba kowa ne kunnensa zai jefa shi rami ya kuma fito da shi a zama ɗaya ba. Sai dai duk sa'ad da na je Bungudu, 'yan gidan ɗaga murya suke yi su gaishe ni kamar ana kiran kurma, ni kuma in amsa ina sunkuyar da kai.

Tun daga ranar, komai tsadar hedifon, kunne ɗaya nake ba shi. Ɗayan na surukai ne.