Yadda Za Ka Tsara Makarantar Intanet Ba Tare da Ka Koyar da Kowa Komai Ba

Idan ka bi matakan nan sau da ƙafa, na ba ka tabbaci kafin Juma'a za a fara kiranka Darakta, ko da a aji uku na sakandare ka yi sallama da allo. An gwada su a nan unguwarmu ta Sabo, a kan Manniru, mai neman auren Fauziyya 'yar Alhaji Gwadabe mai goro. Alhaji ya tambayi sana'arsa, bakin Manniru ya riga shi cewa yana da makaranta a intanet. Alhaji ya ce madalla, a nuna masa ita kafin ya karɓi manya. Ranar ko sunan makaranta babu.

Mataki na 1: Zaɓi fannin da zai yi wa mai dubawa daɗi

Kada ka tsaya tambayar kanka me ka iya, wannan ɓata lokaci ne. Manniru bai taɓa ɗaure huhun goro ba, tauna kawai ya sani, amma ya buɗe shafi a dandalin karatu ya rubuta Kasuwancin Goro na Zamani. Kalmar zamani tana da muhimmanci. Ita ce take sa dattijo ya yi shiru don kada a ce bai waye ba.

Mataki na 2: Gina ɗakuna, kada ka sa kaya

Dandalin zai ba ka damar raba kwas zuwa zango, zango zuwa babi, babi zuwa darasi. Raba. Sake rabawa. Kada ka ce babi, ka ce mojul. Sa musu sunaye masu nauyi: Gabatarwa, Ƙarin Gabatarwa, Goro a Idon Duniya, Goro da Ƙalubalen Ƙarni. Idan ka rasa abin yi, ja mojul na biyar da yatsa ka kai shi sama, ka dawo da na uku ƙasa. Manniru ya yi wannan a cikin motar haya ƙirar Maikira tun daga unguwar Mokola har Ojoo, fuska a ɗaure, har wani fasinja ya matsa masa wuri yana cewa oga na aiki.

Mataki na 3: Cika darasin farko kaɗai

Ari kwat, nemi farin bango, yi bidiyon minti uku. Minti biyu gaisuwa. A ragowar, duk abin da ka taɓo ka ce za mu zo kansa a gaba. Masana sun san ilimi ba ya son gaggawa.

Mataki na 4: Sa kwaɗo

Nan ne asirin yake. Akwai maɓallin da yake hana darasi na biyu buɗewa sai ɗalibi ya ci jarrabawar na farko. Danna shi, sannan ka haɗa jarrabawar da ba mai ci. Manniru ya ɗauki hoton goro goma, ya ce a faɗi wanne ne tsutsa ta ci cikinsa, abin da 'yan goro suke kira sankara. Kuskure ɗaya, ka faɗi. Don ya san amsa, sai da ya fasa kowane goro bayan hoto ya duba. Lura da kyau: amsoshin gaskiya ya sa. Kai kada ka yi.

Mataki na 5: Nuna wa suruki

Nuna masa a ƙaramar waya, kana ja da sauri. Alhaji ya ga jerin mojul har ƙasa, kowanne da hoton kwaɗo a gefe. Ya gyaɗa kai, ya ce shi a saninsa ba a sa wa shago kwaɗo sai da kaya a ciki. Manniru ya koma gida yana jin ƙanshin ɗaurin aure.

Mataki na 6: Kada tsohuwa ta kusanci jarrabawar

Fauziyya, don alfahari, ta kai wa kakarta wayar. Hajiya Zinariya, mahaifiyar Alhaji, ta yi shekara hamsin tana zaɓen goro, tana ganin cikinsa daga fatarsa. Ta sa tabarau, jika tana karanta tambaya, ita tana nuna hoto da yatsa. Goma cif. Har ta ƙara da cewa na bakwai an bar shi a rana. Kwaɗo ya buɗe, sai ga farin shafi da rubutu ɗaya: a sa bidiyo nan.

Ta aika a kira Manniru. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Angona, matso kusa," in ji ta. "Na shiga ɗakinka na biyu, ko tabarma babu. A nan za ka ajiye ni?"

Ya ce matsalar sabis ce, Hajiya. Ta ce an gwada da waya uku.

Mataki na 7: Idan an kama ka, kada ka yarda da sulhu

Manniru ya yarda. Hajiya ta ce ba za ta gaya wa ɗanta ba, amma a cika ɗakunan. Ta sa Fauziyya ta karanta mata sunayen mojul, ta ce a share Goro a Idon Duniya, duniya ba ta tambaye shi ba. Ta tsara nata: wanki, sai ware manya da ƙanana, sai shimfiɗa ganye a kwando, sai ɗauri. Ciniki can ƙarshe, wai wanda bai iya adana kaya ba me zai sayar. Manniru ya ce shi zai riƙe waya ya ɗauki bidiyon. Ta ce Fauziyya ma tana da hannu, shi ya naɗe hannun riga.

Da Alhaji ya ji uwarsa ce take koyarwa, daɗi ya kama shi. Ya ce ai magana ta ƙare, ranar da Hajiya ta ce Manniru ya iya, a turo manya.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin abin da zai biyo baya, ko ciwon baya ne, ko hannu ya rine ja, ko koyon sana'a ba da niyya ba. Masu ƙorafi kada su neme ni, su nemi Darakta. Yana tsakar gidan Hajiya kullum da safe, gaban baho. Ya kai mojul na uku, amma jiya ta tsinci ruɓaɓɓen goro ɗaya a kwandonsa, ta mayar da shi na farko.