Tseren Totuwa a Lambatun Unguwarmu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da mantuwa ta cinye sauran abin da ke kaina, da abin da ya same ni a bakin lambatun unguwarmu. Yau shekaruna saba'in da shida a duniya, al'amarin kuwa ya auku damina uku da suka shige. Wato dai a lokacin uzurin ƙuruciya ya daɗe da kuɓuce mini, na gigin tsufa kuma bai riga ya iso ba. Da hankalina cikakke na aikata.

Ya kamata mai karatu ya san wanda ke magana da shi. Ni ba ɗan koyo ba ne a sha'anin ruwa. Ƙarfina duka na ƙarar da shi a hanyoyin ruwan noman rani da ke sha daga madatsar ruwa ta Tiga, aikina kuwa shi ne auna gudun ruwa. Yadda aka koya mana, sai a jefa wani abu marar nauyi a ruwa, a dubi agogo, a ga tsawon lokacin da zai ɗauka daga wannan alama zuwa waccan. Da na ajiye aiki na dawo gida Bebeji, jama'ar unguwa suka ɗora mini shugabancin kwamitin tsafta, na kuwa karɓa ba tare da na yi ko irin ƙin nan na kunya ba, domin a ganina babu wanda ya kama ƙafata.

Lambatun da nake faɗi shi ke kwashe ruwan wanka da na wanke-wanke da na sama daga gidajenmu. Yana bi ta ƙarƙashin kwalbatin mahauta, ya miƙe, ya shige kwalbatin bakin titi, ya fice bayan gari. Tun da na hau shugabanci nake auna shi. Agogona na aiki ya mutu tun da daɗewa, ban kuma ga dalilin sayen wani ba, saboda na yi imani takuna ya fi kowane agogo daidaito. Sai in jefa totuwar masara a kwalbatin mahauta, in bi gefenta da takun dattijo, ba sauri, ba nawa, har kwalbatin bakin titi. (Totuwa kuwa ba ta yanke mini, buhu guda nake ajiyewa a zaure domin wannan hidima.)

A shekarun farko ni ke riga ta isa, har in tsaya in jira ta. Daga baya muka riƙa isa tare. Can kuma sai ta fara riga ni. A daidai wannan zamani lambatun ya shiga tumbatsa duk damina, baƙin ruwa mai wari yana shiga zaurukan mutane. Na haɗa wannan da wancan, na yanke hukunci irin na masana: ruwan ya ƙaru, gudunsa ya ƙaru, lalle akwai masu ƙara shi.

Ban sha wahalar nemo masu laifi ba. A saman unguwa akwai mata masu gumi, waɗanda ke jiƙa shinkafa su turara ta a manyan tukwane, su tsiyaye ruwan jiƙon a lambatu. Shugabarsu Hajiya Asabe, 'yar kawuna ce, wato taubashiyata, wadda tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da ta gaya mini wata magana mai zafi da sunan wasa ba. Na kai ƙara wurin Mai Unguwa, na ce sai an kwashe tukwanen nan an mai da su bayan gari. Ya ce zai zartar kafin damina ta fita. Yawancin matan kuwa a cikin gidajensu suke sana'ar, wasu mazansu sun rasu, da tukunyar suke ciyar da marayu. Kai tukwane bayan gari daidai yake da rufe sana'ar. Na san haka sarai, amma na ce ilimi ba ya duban fuska.

Ana nan sai ga Rukayya, 'yar wani aminina marigayi, wadda ta yi karatun injiniya a birni. Ta zo da wata na'ura da ita da abokan karatunta suka ƙirƙira, tana neman izinin gwada ta a lambatunmu. Wani ɗan akwati ne, bai fi gwangwanin madara girma ba, da ɗan faranti mai shan hasken rana a kansa. Ta ce za a rataye shi a bakin kowane kwalbati yana kallon ruwa. Yana aika wani sauti da kunne ba ya ji, sautin ya bugi ruwa ya dawo, da haka yake gane zurfin ruwan da saurinsa, ya aika wa waya. In ruwa ya taso fiye da kima, sai wayoyin 'yan kwamiti duka su yi ƙara.

Na dube ta, na dubi gwangwanin. Na ce, "'Yata, wato jemage kuka ƙera, kuka zo mu rataye shi a kan ƙazanta ya riƙa ba mu labari?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kusan haka ne, Baba."

Na ba da izini, ba don komai ba sai don in ga ranar da gwangwani zai ji kunya. (Har na riƙa gaya wa mutane a majalisa cewa zamani ya zo da abin mamaki, yaran da ba su taɓa jiƙa ƙafarsu a hanyar ruwa ba su ne za su koya mana ruwa daga cikin waya.)

Bayan 'yan makonni Rukayya ta same ni a zaure ni kaɗai. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi iyali, sannan ta rage murya.

Ta ce, "Baba, na zo ne tun kafin kowa ya ji. Na'urar ta nuna ruwan ba gudu yake ba, jan ciki yake yi. Zurfinsa ne ke ƙaruwa a wajen kwalbatin bakin titi. Ko ranar da su Hajiya suka tsiyaye tukwane, abin da ke ƙaruwa kaɗan ne. Ina jin ba yawa ruwan ya yi ba, hanya ya rasa. Da za ka ce a buɗe kwalbatin a duba, sai a ce kai ka gano."

Dubi irin ƙofar mutunci da yarinyar nan ta buɗe mini. Mai hankali da sai ya shige ya yi godiya. Ni kuwa sai na gyara zama na ce, "Tun ba a haifi mahaifiyarki ba nake auna ruwa. A tara jama'a. A kawo gwangwaninki, in kawo totuwata, kowa ya gani da idonsa."

Aka sa ranar wata Asabar da hantsi. Na saka farar babbar riga, na kafa hulata zanna bukar wadda ba na sakawa sai ranar taro, na riƙi sanda. Mai Unguwa ya zo, Sarkin Fawa ya bar rumfarsa, matan gumi suka jeru a gefe guda fuskokinsu ba walwala, domin sun san a ranar za a yanke zancen tukwanensu. Na yi jawabi mai tsawo a kan ilimin da da na yanzu, wanda na gode wa Allah da babu wanda ya ɗauka a waya. Sannan na jefa totuwa, na bi ta da takun dattijo.

Ta riga ni isa, da rata mai yawa. Na juyo ina haki, ina murmushin nasara, na ce, "Ranka ya daɗe, ka gani. Da can ni ke jiran ta. Wannan gudu daga ina, in ba daga tukwane ba?"

Mai Unguwa ya jinjina kai. Rukayya ta buɗe baki za ta yi bayani, sai Hajiya Asabe ta ratso taron, da daro cike da jiƙaƙƙiyar shinkafa a kanta. (Ta girme ni da shekara guda, wannan kuwa ba ta taɓa bari na manta ba.)

Ta ce, "Allah ya ja zamanin Mai Unguwa, ni ban san boko ba, ban san gwangwani ba. A ara mini totuwa guda daga aljihun taubashina."

Na miƙa mata cikin izza. Ta jefa, ta kama tafiya, ko daron ba ta sauke ba. Ba sauri take ba, tafiyar zuwa gidan suna ce. A tsakiyar hanya har ta tsaya ta gaisa da wata mata da ke leƙe ta ƙofa, ta tambaye ta mai jiki. Ta isa kwalbatin bakin titi, ta sauke daro, ta zauna a kan dakali, ta gyara ɗaurin kallabi. Sai can ga totuwa ta taho tana lilo a kan baƙin ruwa kamar wadda aka aika ba ta so.

Hajiya ta ɗaga murya yadda har na rumfar nama za su ji, ta ce, "Tauba, ruwan ne ya ƙara gudu, ko kuwa gwiwarka ce ta ajiye aiki ba ta sanar da kai ba?"

Dariyar da ta tashi, har yau ina jin ta a kunnena. Shekara da shekaru ina auna lambatu, ashe tsufana nake aunawa.

Da na tsaya a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na ce ban yarda ba, a sake. Na koma kwalbatin mahauta, na tattare babbar riga na saɓa a kafaɗa, abin da ban yi a bainar jama'a ba tun ina saurayi. Na jefa wata totuwar, na zabura. Ban yi nisa ba gwiwar hagu ta yi wata ƙara, sanda ta zame a kan gansakuka, na tafi taga-taga. Sarkin Fawa ya cafke ni ta ƙugu kamar ragon da zai kayar. Ni ban faɗa ba. Hulata ce ta faɗa.

Ta sauka a kan ruwan a tsaye, ta kama hanya cikin natsuwa, ni kuwa ga ni da sanƙo a rana. Jama'a suka bi ta da kallo har ta iso ƙarƙashin gwangwanin da ke bakin kwalbatin titi. Nan take wayoyin 'yan kwamiti suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, har da tawa a aljihu.

Mai Unguwa ya ce, "Injiniya, me kuma ya faru?"

Rukayya ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, tsayin hular na'urar ta auna. Ta ɗauka ambaliya ce."

Hular ta shige kwalbati, ba ta fito ta ɗaya gefen ba. Na ce a bar ta. Hajiya ta ce atafau, hular shugaba ba ta kwana a kwata. Aka kawo ƙarafa, majiya ƙarfi suka ɗage murfin sumuntin. Ga hulata nan a maƙale. Abin da ta maƙale a kai kuwa wani tudu ne da ya toshe bakin kwalbatin kusan duka: leda, da yashi, da tsummoki, sannan totuwar masara, baƙa ƙirin, jere a kan jere, ta saƙe da ledar ta zama kamar ginin katanga. Aka yi ta kwasa da shebur ana tarawa a gefen titi.

Mai Unguwa ya dubi tulin ya ce, "Ikon Allah. Wane ne ke zuba totuwa haka a lambatu?"

Duk idanu suka dawo kaina. Sauran totuwar da na zo da ita tana leƙowa daga aljihun rigata. Ana kwashe shebur na ƙarshe, ruwan ya yi wani gurnani ya wuce bayan gari, lambatu ya sauka a kan idon kowa. Mai Unguwa ya juya wajen matan ya ce kowace ta koma kan tukunyarta, zancen tashi ya mutu. Wata ta rangaɗa guɗa. Hajiya Asabe ta tsamo hular da bakin sandata, ta miƙo mini tana ɗiga, ta ce, "Ungo, Tauba. Ita ma na riga ta."

Har gobe ban ce gwangwanin nan yana burge ni ba. Ba ya gaisuwa, bai san babba ba, kuma abin da ya kasa bambance hular dattijo da ambaliya ba zan kira shi mai hankali ba. Sai dai yana da abu guda da ya fi ni: ba shi da gwiwa. Abin da na koya, a makare, shi ne in mutum zai ɗora wa wasu laifi da awo, ya fara tambayar kansa yaushe rabon da a duba ma'aunin. Na je har gida na ba matan haƙuri, buhun totuwar kuma na aika musu su hura wuta.

Wanda ke zaton na ƙara gishiri, shaidu suna nan da ransu. Akwai Mai Unguwa, akwai Sarkin Fawa Ɗanlami wanda ya riƙe ni, akwai Injiniya Rukayya. Akwai kuma Hajiya Asabe, wadda ba sai an tambaye ta ba, ita za ta tare ka a hanya ta ba ka labarin.