Rasuwar Nkhono da Abin da Ya Kashe Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kai a sunkuye, Ntate (wato Baba) Lebusa Ramokhele na garin Mokhotlong da ke cikin duwatsu yake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa hawa bayanta, rasuwar motarsa, farar akori-kurar nan da gari ya sani da suna Nkhono, wato Kaka. An tarar rai ya yi halinsa da safiyar Juma'a, sha ɗaya ga Yuli, a tsakar gidansa. Ta rasu tana da shekara talatin da ɗaya, ashirin da shida daga ciki a hannunsa.

Marigayiya ba mai gaggawa ba ce. Da safe takan yi tari biyu, kuf, kuf, ta yi shiru kamar mai shawara, sannan ta kama. A hawan dutse tana da wani nishi a giya ta biyu wanda matan ƙauyukan sama ke jiyowa tun daga kwari, su fito da buhunansu bakin hanya. Ta yi jigilar gashin tumaki zuwa rumfar awo kaka ashirin da shida. Ta kai masu naƙuda asibiti, biyu daga cikinsu ba su jira an isa ba. Ta ɗauki akwatin gawa sau da yawa, kuma ba ta taɓa mutuwa a hanya da mamaci a bayanta ba. Ƙofarta ta hagu daga waje kaɗai take buɗewa. Wannan ne aibinta da aka sani.

Ta rasu ta bar mai ita, da matarsa 'M'e 'Matiisetso, da tayoyi huɗu masu sauran rai, da batir ɗan wata takwas. Ta bar bargonta mai ruwan toka. Ta kuma bar rumfar da aka gina dominta, wadda iska ta yaye wa kwano biyu tun watan Afrilu, Ntate Lebusa ya jingine su a jikin bango da niyyar bugawa ranar Asabar. Saboda haka a waje marigayiya ta yi kwanakinta na ƙarshe.

An yaɗa a gari cewa mugun magani ne ya kashe ta. Ntate Lebusa ne ya yaɗa. Wannan sanarwa ta zo ne domin gyara maganar.

Kamar kowane tsohon direba a nan, daga Mayu zuwa Satumba, watannin da sanyi ke daskarar da ruwa a ƙasar nan, Ntate Lebusa yakan durƙusa gaban mota da zarar rana ta faɗa bayan dutse, ya murɗe ɗan famfon gindin lagireto, ruwan ya tsiyaye, ya rufa wa injin bargo. Da safe ya cika da ruwan ɗumi daga buta. Haka ubangidansa ya koya masa, haka shi ma ya koya wa rabin direbobin tasha, yana ƙarawa da cewa sakarai ne kaɗai sanyi ke fasa wa inji.

Bana gwiwarsa ta dama ta ƙi durƙuso. Ranar Litinin, bakwai ga wata, bisa matsin matarsa, ya kai Nkhono garejin Ausi Nthabeleng Phafoli, makanikiyar da ta dawo gida daga babban birni Maseru ta buɗe wurinta wata biyar da suka wuce. Ta wanke lagireton, ta cika shi da ruwan hana daskarewa, kore shar. Da zai tafi ta riƙe masa ƙofa.

"Ntate, daga yau kada ka ƙara taɓa famfon nan. Ka ji ni?"

"Yarinya, ina tuƙi tun uwarki na goye da ke."

"Shi ya sa nake faɗa sau biyu."

Daga can barandar kantin tasha ya nufa, inda dattawa ke shan rana. Ya sanar da su cewa zamani ya zo, Nkhono ta sha maganin da ko saman dutse ta kwana ba abin da zai same ta. Maƙwabcinsa Ntate Mpiti, wanda tagarsa ke kallon tsakar gidan Ramokhele, ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Kai? Ka daina tsiyayar ruwa? Sai dai a ɗaure maka hannu."

Da yammacin ranar, misalin ƙarfe biyar da kwata, Ntate Lebusa ya dawo gida yana tunanin wani rago da ya ɓace masa. Bai tuna ya durƙusa ba. Abin da ya tuna shi ne ya ga kansa tsugune, hannunsa a kan famfo, koren ruwa na malala zuwa gindin katanga, ya kusa ƙarewa. Ya waiga hagu da dama. Ntate Mpiti ba ya gida.

Daga nan hanya biyu gare shi, kowace mai sauƙi. Ko ya koma wurin Ausi Nthabeleng ya ce ta sake zubawa, ko ya ci gaba da tsiyayar ruwa kamar da. Ta farko na nufin ya tsaya gaban sa'ar 'yarsa ya faɗi abin da ya yi. Ta biyu na nufin ya durƙusa a gaban tagar Ntate Mpiti. Sai ya ɗauki ta uku. Ranar Talata da sassafe ya cika lagireton da ruwan rijiya, bai gaya wa kowa ba, da yamma kuma ya wuce ta gaban motar hannuwansa cikin bargon da ya yafa, yana fito, don maƙwabci ya shaida.

Talata da Laraba an kwana da gajimare, sanyin ya yi sauƙi, bargon Nkhono ya rufa asiri. Ranar Alhamis sama ta washe, iska ta kwanta, kowane makiyayi ya san abin da hakan ke nufi. A wannan yammacin ne 'M'e 'Matiisetso ta tuna masa da bututun da ke kawo ruwa daga tanki zuwa madafa, wanda ya yi alkawarin naɗewa tun kafin a girbe wake.

Ta ce, "In ya sake fashewa kamar bara, kai za ka sa bokiti a ka, ka sauka rafi. Ɗauko bargon motar ka naɗe shi. Ba ka ce ta sha magani ba?"

Ya ɗauko bargon. Kalma huɗu ko biyar sun isa su ceci marigayiya. Bai faɗe su ba. Ya naɗe bututu.

Ma'aunin sanyi na makarantar da ke kusa ya nuna sha ɗaya ƙasa da sifili a safiyar Juma'a. Bututun ya tsira. Da Ntate Lebusa ya murɗa makulli, Nkhono ba ta yi tarinta ba. Ta ce ƙyat, sau ɗaya, shi ke nan. Da aka ɗaga bonet, an ga tsagewa mai tsawon taƙi a jikin injin, ƙanƙara ta leƙo ta ciki.

Kafin hantsi mutane sun taru. Ausi Nthabeleng ta zo da kanta ba a kira ta ba, da akwatin sifanunta. Ta ɓalli ƙanƙarar, ta ɗaga ta saitin rana. Ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

"Ntate, wannan fara ce. Abin da na zuba kore ne."

Shi kuwa ya ɗaga tasa muryar. "To ai ga shi nan! Ruwan famfo kika rina kika ɗura mini, launin ya koɗe."

Ta dube shi, ta dubi taron, ta ajiye ƙanƙarar a kan bonet, ta ɗauki akwatinta ta tafi. Ba ta ƙaryata shi ba, a ranar ko bayanta. Da rana ya maimaita maganar a barandar kanti, ya ƙara mata gishiri. An yarda da shi nan take, domin shi ne mutumin da ya koya wa gari tsiyayar ruwa, ita kuma mace ce mai sifana.

A cikin kwana tara, masu motar haya uku sun janye motocinsu daga garejinta, ɗaya da igiya, ba a gama haɗa ta ba. Wani ya tsaya a ƙofarta ya tambaya cikin ba'a ko tana da jan ruwan, irin na shan yara. Ta sanar da mai filin cewa ƙarshen wata za ta kwashe kayanta ta koma Maseru. In ta tafi, makaniki mafi kusa yana bayan tafiyar awa huɗu.

Ranar Lahadi, ashirin ga wata, suna dawowa daga coci, 'M'e 'Matiisetso ta tsaya a gindin katangar gidansu, ta sa ƙafa ta share wata toka da ke wurin. Ƙarƙashinta da ɗan kore-kore.

Ta ce, "Ni na rufe shi tun daren Litinin ɗin, don kada kaji su sha. Na ɗauka yoyo ta yi ka koma an ƙara maka. Sai ranar Juma'a na gane. Ina ta jira in ji daga bakinka, Lebusa. Kwana tara ina zuba maka tuwo ina jira."

Ya ce, "Mutane za su yi dariya."

"Za su yi. Mpiti ma sai an riƙe shi."

Saboda haka ake sanar da jama'a, a rubuce, cewa Nkhono ta rasu ne sakamakon ruwan rijiya da mai ita ya zuba mata da hannunsa, bayan ya zubar da maganin kirki da hannunsa. Aikin Ausi Nthabeleng Phafoli ba shi da aibi. Abin da Ntate Lebusa Ramokhele ya faɗa a kanta ƙarya ne, kuma ya san ƙarya ne a lokacin da yake faɗa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, ashirin da shida ga Yuli. Gawa za ta bar gida da ƙarfe goma na safe, shanun noma huɗu na Ntate Mpiti ne za su ja ta. Ya ba da su kyauta, da sharaɗin shi zai riƙe bulala. Za a bi ta babban titi. A barandar kantin tasha za a tsaya, inda mai mamaciya zai hau bayanta ya karanta sakin layin da ke sama da ƙarfi, sau biyu, saboda dattawan da kunnensu ya yi nauyi.

Ba za a yi zaman makoki ba, ba za a yanka rago ba. Iyalan suna roƙon duk mai niyyar ta'aziyya kada ya zo gida. Wanda ya janye motarsa daga garejin, ya mayar da ita. Ta'aziyyar ke nan.

Daga kanti za a wuce da gawa garejin Ausi Nthabeleng, inda ake fatan za ta karɓe ta, ta cire abin da ke da sauran amfani. An aika mata da kwafen wannan sanarwa ranar Talata. Ta karanta a tsaye, ta ninke, ta sa a aljihu, ta koma ƙarƙashin motar da take gyarawa. Har zuwa lokacin da aka kai wannan takarda wurin bugawa, ba ta ce za ta buɗe ƙofa ba. In an tarar a rufe, masu rakiya suna iya watsewa. Gawa da mai ita za su jira a waje.