Yadda Ake Ta'aziyyar da Ta Makara Shekara Biyu Ba Tare da An Fita Daga Ɗaki Ba

Kai da kunya ta hana ka sakat, matso kusa. Wannan hanya tabbatacciya ce, aikinta kamar yankan wuƙa. An gwada ta a kan Sanda, wani mai gyaran keke a Sabon Garin Minna, mutumin da muke kama da juna har matarsa Lailatu ni take kawo wa tuwo.

1. Fara da laifi ƙarami

Bari mahaifin amininka ya rasu. Aminin Sanda shi ne Gaiya, ma'aikacin jirgin ƙasa, gida uku ne tsakaninsu, shekara goma sha biyar kwanon abinci na kai-komo Sallah da Kirsimeti. Kada ka je gaisuwa ran nan, ka ce rigarka tana wanki. Washegari ka ce jama'a sun yi yawa, bari a lafa. Bayan mako guda ba ka buƙatar wani dalili, kunya za ta karɓi aikin.

2. Sake hanya

Ƙofar gidansa ta haramta gare ka. Bi ta bayan coci, ka tsallake layin dogo, ka ɓullo ta lungun masu niƙa. In ka hango shi tafe, ka duƙa ka hau binciken tayar da lafiyarta ƙalau. Motsa jiki ma ai lafiya ne.

3. Nemi masani

Yanzu zuciyarka ta rabu biyu. Ɗaya tana cewa tashi ka je, ɗaya tana cewa da wane ido. Kada ka saurari ko ɗaya. Hau kekenka sai unguwar Barkin Sale wurin Baba Ndakotsu mai magani. Tafiyar ta ninka ta gidan Gaiya sau hamsin, amma magani na nesa ya fi kaifi.

Tsohon zai saurare ka tsaf, ya ce, "Ɗana, ƙafarka lafiya? To je ka gaishe shi mana." Kada ka yarda, tsufa ne. Nace masa har ya gaji ya miƙo maka sabuwar ƙwarya da ƙullin turare don ka tafi ka ba shi wuri.

4. Kira shi cikin ruwa

Da hantsi ka kulle ɗaki, ka cika ƙwarya da ruwa, ka zuba turare a garwashi. Zuba wa ruwan ido, ka zana fuskar amininka a zuci, da giɓin haƙorinsa da hular aikinsa. In ta fito sosai ka ce, "Gaiya, ya haƙuri?"

Sai dai a yi hattara. Gaiyan da ya fito wa Sanda ba shi da mutunci ko kaɗan. Cewa ya yi, "A'a, yau labarin ya iso maka? A jirgin kaya aka ɗoro shi?" Sanda ya kawo zancen wanki, ya kawo na taron jama'a, ya rantse, duk aka kayar da shi. Kai jama'a! Mutum da ƙwaryarsa, da ruwan randarsa, a ɗakinsa, ya rasa gaskiya. Haka aka yi ta yi kowace Laraba har wata takwas.

5. Kiyaye kayan aiki daga iyali

Wata rana Lailatu ta buga ƙofa. "Malam, da wa kake faɗa?"

"Aiki nake yi."

"To in ka ga Rebecca a ciki, ka ce mata jiya na manta ludayina a gidanta."

Rebecca matar Gaiya ce. Ashe su matan ko kwana ɗaya ba su daina shiga gidan juna ba. Da la'asar aka kawo wa Sanda fura a ƙwaryar maganin, ya shanye don kada a yi asara.

6. Zauna har abin da ba ka shirya wa ba ya same ka

Daminar 1989, shekara biyu da rasuwar mahaifin Gaiya, Allah ya yi wa Inna, mahaifiyar Sanda, rasuwa. Da aka dawo daga maƙabarta Sanda ya tarar an share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, ga Gaiya sanye da kayan aikinsa yana jera butoci. Kwana uku yana zaune a gefe, yana nuna wa baƙi wurin zama, bai ta da wata magana ba.

A rana ta uku, da mutane suka ragu, Sanda ya ja jiki kusa da shi. Jawabin wata takwas ya bi iska. Da ƙyar ya ce, "Gaiya, ya haƙurin Baba?"

Gaiya ya dube shi. "Da godiya," in ji shi. "Ai na san kana hanya."

Sanda ya fashe da kuka irin wanda bai yi a maƙabarta ba. Dattawa suka yi ta ba shi haƙuri a kan Inna, ya bar su a haka.

Hattara

Mai wannan bayani ba ya ɗaukar alhakin tarin hayaƙi, jan ido, ko dariyar matan gida. In kuma naka aminin ya gaji da jira, ko aka kai shi makwancinsa kana hanya, babu ruwana, kada ka neme ni. Ni sa'a kawai na taka, kuma har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai.