Gwajin Dutsen Kicin da Taɓarya

Da aka zo gyaran gidanmu na Kwaciri, ni Umma ta aika zaɓo kabad ɗin kicin. Sharaɗinta ɗaya, kar in kwaso abin da zai lalace kafin baɗi.

Na ce ai ba a haifi mai cutata ba. Na naɗe taɓarya a zani, na ja Yaya Sani sai Sabon Gari.

Mai shago ya shafa dutsen da aka shimfiɗa a kan kabad ɗin ƙasa ya ce, "Hajiya, wannan ko guduma ba ta fasa shi."

Na ce bari mu gani, na kwance taɓarya.

"Ke, kar ki tara mana jama'a!" in ji Yaya.

Na yi bisimilla na maka. Dutse ko gezau. Amma kabad ɗin sama, wanda ashe rataye shi kawai aka yi don talla, ya rufto ta gefen kunnena ya tarwatse. Na ƙanƙame wata Madam da ban sani ba ina kiran Umma. Har yanzu ko murfin tukunya ya faɗi sai in kare kaina da hannu.

Amma dutsen ya fashe? Bai fashe ba, shi ne ma a kicin ɗinmu. Aikin da aka sa ni na yi.

Yaya dai ba ya ji. Ko taya ta fashe a titi sai ya leƙo: "Umma, yau kuma sayen me kika aike ta?"