Curtis da Tagar Mama Viorica

Wani Ba'amurke ne mai suna Curtis, mutumin Texas, kamfaninsu ya turo shi aiki Bukarest, babban birnin Romaniya. Ko gari bai gama sani ba ya haɗu da wata malamar makaranta, Ilinca, shi ke nan bawan Allah ya susuce. Ya koyi yarensu daidai na sayen burodi da neman aure, ya rantse ba zai koma gida shi kaɗai ba. Yarinya tana so, amma ta gaya masa gaskiya: in mahaifiyarta, Mama Viorica, ba ta sa albarka ba, to ya haƙura. Ita kuwa tsohuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ido kawai ta zuba masa, kuma abin da take gani bai kwantar mata da hankali ba. Mutum ya shiga bas yana washe wa kowa baki, a garin da ba a yi wa wanda ba a sani ba murmushi. Da safe ya fito da gajeren wando yana ta gudu a titi, ba kare a bayansa ba ɗan sanda. Ya ce wa mai kanti "Ya kake?", mutumin ya gyara tsayuwa zai ba shi labarin ciwon bayansa, kafin ya kai rabi Curtis ya yi gaba. Duk wannan Mama tana jin labari a bakin maƙwabta, sai dai ta girgiza kai.

Shi ma fa akwai abin da ya ishe shi. Mutanen garin ba su da abokin gaba kamar iskar da ke shiga ta taga ta fita ta ƙofa. Kurent suke ce mata. Ciwon haƙori, kurent. Ciwon kunne, kurent. Wuya ya sage, ai ba sai an tambaya ba. Ran nan ya sauke gilashin tasi, direba ya taka birki ya juyo yana kallonsa kamar ya zaro wuƙa. A bas kuwa in ya miƙa hannu wajen taga, tsofaffi sukan taso masa har da waɗanda ke barci.

Ana tsakiyar zafi Mama ta aiko a kira shi cin abincin rana. Ilinca ta ce masa, "Yau za ta yanke magana. Don Allah ka ci duk abin da aka zuba maka, kuma kada ka taɓa komai."

Ya sa kwat, ya ɗaure wuya, ya je. Falo a toshe ruf, labule a sauke. Aka ajiye masa miya tana tururi, ya shanye, aka ƙara. Aka kawo nama da shinkafa naɗe a ganyen kabeji, ya ci, aka ƙara. Gumi ya jiƙa riga ya ratsa kwat, har daga gira yake ɗiga cikin kwano, shi kuwa yana ta murmushin ƙarfin hali. Ga taga nan kusa da kafaɗarsa, a waje ganyen bishiya na kaɗawa. Wallahi har tausayi ya ba ni da aka zo nan a labarin.

Mama ta shiga kicin ɗauko wani kwanon, Ilinca ta bi ta. Curtis ya dubi taga, ya dubi ƙofa, ya ce a ransa ɗan kaɗan ne kawai, numfashi ɗaya. Ya tura. Daidai nan Mama ta buɗe ƙofar kicin, ita kuma tagar kicin ɗin da ma a buɗe take saboda tururi. Iska ta samu hanya ta ratso falo fuuu, labule ya tashi sama, ƙofa ta bugu garam!

"Kurent!" Mama ta kurma ihu. Ta dire kwano, ta rufe taga, ta yayibo gyale ta naɗe wuyan Ilinca, ta cusa wa kunnenta auduga, duk kafin Curtis ya haɗiye lomar da ke bakinsa. Sannan ta juyo. "Kai yaro, 'yata ka zo nema ko kashe mu ka zo yi?"

Curtis ya ga auren na shirin bin iskar nan, ya ce gara ya kare kansa. Ilinca tana taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, bai ko ji ba.

"Mama, ki yi haƙuri, amma iska ba ta cutar da kowa. A wajenmu iyakwandishan a ɗaki, a mota, a ofis, har a coci. Ga fanka kuma."

Mama ta zauna a hankali. "Har a ɗakin yara?"

"Sosai! Ni tun ina jariri fanka ce a saitin kaina, dare da rana. Kuma dube ni." Ya buɗe hannuwa, ya washe baki. "Ba abin da ya same ni!"

Tsohuwa ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta daɗe tana kallo. Sai fuskarta ta saki, ta dafe ƙirji, ta juya wajen 'yarta.

"Na gode wa Allah! Aure shi, 'yata. Ashe kurent ce ta taɓa masa kai, ni duk tsorona kada a ce a gidansu ya gada."